Shekara shida ina bakin ƙofar tirotiro, amma jarrabawar tuƙi ta gagare ni

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Shekarata shida ina aikin meti, wato kwandasta, a tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, layin Tafo zuwa Kejetia. Mota kam na iya ta, ni nake juya ta a tasha, ni nake kai ta wanki. Yayana da ke Italiya ya turo kuɗi na shiga makarantar koyon tuƙi, aka gwada min ido, na je na zauna jarrabawar kwamfuta ta DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, na faɗi. Har yau ban gaya masa ba. Yanzu kullum da daddare ina yin tambayoyin gwaji a waya, sau huɗu sau biyar kafin in kwanta, amma ba na wuce 17 ko 18 cikin 30, alhali 21 ake nema. Abokina ya ce in haddace amsoshin kawai. Wani kuma a bakin ofishin ya ce in kawo wani abu, shi zai san yadda zai yi. Kawu, ko dai kaina ne ba ya ja? Karatu ma a JHS, ƙaramar sakandare, na tsaya. Me zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Mu fara kawar da maganar kai. Mutumin da zai tsaya a bakin ƙofa mota tana tafiya, ya karɓi kuɗin mutum goma sha biyar, ya riƙe a ransa wa ya ba da sidi ashirin, wa ya ba da hamsin, wace ce za ta sauka a Krofrom da kwandonta a baya, sannan ya mayar wa kowa canjinsa ba a yi cacar baki ba, ba shi ake ce wa kansa ba ya ja ba. Akwai masu digiri da ba za su yi maka awa ɗaya a wannan ƙofar ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne makin nan da ya ƙi motsi. Da yau kana samun 12, gobe 24, jibi 15, sai in ce canke kake yi. Amma 17, 18, 17, kullum wuri ɗaya, alama ce ta cewa akwai abin da ka sani da gaske, akwai kuma wani gungun tambayoyi da ke kayar da kai kowane dare, kuma kusan su ɗin ne dai ba sa canzawa. Kai kuwa da zarar ka gama zagaye, sai ka kalli maki, ranka ya ɓaci, ka danna sabo. Goma sha ukun da suka kuɓuce maka ba ka taɓa zama da su ba, alhali su kaɗai ne suke da abin koya maka. Sha bakwai ɗin da ka ci ai ka riga ka san su, kana ta ƙona data da batir a kansu.

To daga yau gwaji ɗaya rak a dare. Sauran lokacin na littafi ne. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Kada ka ce za ka riƙa ɗaukar hoton fuskar waya, don hoton zai nutse cikin na biki da na ƙwallo, ba za ka sake ganinsa ba. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta ta a taƙaice da Hausarka, ka rubuta abin da ka zaɓa, ka rubuta amsar gaskiya, sannan ka rubuta abin da ya sa hannunka ya tafi inda ya tafi. Wannan layi na ƙarshe shi ne aikin, shi ne kuma wanda za ka fi jin ƙyuyar rubutawa. Ga yadda shafi zai kasance:

Tambaya: na iso shataletale, wa zan bai wa hanya?
Na zaɓa: wanda ya riga ya cusa kan motarsa.
Amsa: motocin da ke ciki, masu zuwa ta haguna.
Dalili: haka muke yi a hanya.

Akwai ƙari. Yayin da kake gwajin, duk tambayar da ka amsa zuciyarka na rawa, ka rubuta lambarta a gefe tun kafin waya ta nuna maka sakamako. Ko ta fito daidai, ta shiga littafi. Cikin 17 ɗinka akwai biyu ko uku da sa'a ce ta ba ka, ranar jarrabawa kuwa sa'ar tana iya yin nata wurin.

Idan ka yi mako guda kana haka, ka zauna ka karanta layin dalili kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Ina kyautata zaton abin da zai fi yawa shi ne "haka muke yi a hanya". A nan ciwonka yake, ɗana. Yarinyar da ta fito daga jami'a ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, abu ɗaya za ta koya, wato doka. Kai aiki biyu ne a gabanka: ka koyi doka, ka kuma raba ta da abin da idonka ya sha gani shekara shida. Kwamfuta ba ruwanta da yadda ake fita daga Kejetia da ƙarfe biyar na yamma. Tambayoyinta daga littafin ƙa'idojin hanya suke, shi kuma yana tsaye ne kan dokar zirga-zirga ta 2004 mai lamba 683 da ƙa'idojin 2012 da ake kira L.I. 2180.

Duba abubuwan da ka saba da su. Fitilar kan hanya ta nuna ruwan ɗorawa: a wurin direban haya, lokacin taka totur ke nan kafin ja ta kama. A doka kuwa tsayawa ake yi, sai fa idan ka riga ka matso ƙwarai har taka birki zai jawo haɗari. An zo mararraba, direba zai miƙe, sai ya kunna sigina biyu gaba ɗaya, wai yana nufin ba dama ba hagu. Wannan al'adarmu ce kawai. Sigina biyun na motar da ta lalace ne ko ta zama haɗari ga wasu, mai miƙewa ba ya kunna komai. Mota ta mutu a hanya, kai ne ma ake aikawa ka karyo ganye ka jera a baya. Abin da doka ta sani shi ne alamar nan ja mai kusurwa uku mai ƙyalli, wadda ya kamata a ce tana cikin but tare da abin kashe gobara da safayar taya. Fasinja ya ɗaga hannu, kun tsaya masa nan take, ko a bakin mahaɗa ne, ko a kwana, ko a kan gada, ko a kan zanen da masu ƙafa ke tsallakawa. Duk waɗannan wuraren an hana tsayawa a cikinsu. Go-slow ya haɗu, sai a sauka gefen titi a wuce ta dama. A Ghana ta hagu ake wuce mota, kuma ba a yi a kwana, ko kan tudu, ko inda farin layin tsakiya yake a miƙe bai tsittsinke ba. Motar asibiti ta taho da jiniya, ka san yadda ake manne mata a baya a ci arzikin hanyar da aka buɗe. Amsar ita ce ka raɓe ka ba ta wuri, shi ke nan. Waya a kunne, bel a rataye ba a ɗaura ba, waɗannan ma ba sai na faɗa ba.

Ba ina zagin maigidanka ba ne. Mutum ne mai neman kuɗin balas da na mai kafin dare ya yi, kuma wataƙila shi ma haka ya gani wurin nasa maigidan. Amma ka sani duk lokacin da wata amsa ta zo maka da sauri, jikinka ya ba ka cewa ita ce, a nan ya kamata ka ɗan dakata ka tambayi kanka: wannan daga littafi na san ta ko daga tasha? Idan amsa biyu suka rikice maka, mafi yawan lokaci wadda take ɗauke da rage gudu, duba madubi, ba da sigina ko ba da hanya ita ce ta doka. Wadda take ɗauke da danna ham, haska fitila ko ƙara gudu, ka yi mata kallon tuhuma. Na ce mafi yawa, ban ce kullum ba.

Aikinka kuma zai iya zama makarantarka, ba ka biya ko kwabo ba. Gobe idan kun tashi daga Tafo, duk alamar da kuka wuce ka faɗi ma'anarta a zuci. Duk abin da maigida ya yi, ka ce a ranka: wannan daidai, wannan da a kwamfuta ne ya faɗi. A ranka fa na ce. Kada ka je ka fara yi wa mutumin da ke ba ka na abinci gyara a gaban fasinja, ka dawo ka ce Kawu ne ya sa ka.

Kashi na biyu da za ka tarar a littafin shi ne alamomin hanya. Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da dangi, alhali siffa da launi sun riga sun gaya maka rabin amsa kafin ka kalli hoton da ke ciki. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, tana gaya maka abin da ke gaba: kwana, makaranta, tudun rage gudu, hanya mai santsi. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce, dole ka bi. Mai kusurwa huɗu bayani take yi, ga asibiti, ga gidan mai, ga hanyar gari kaza. Biyu ne suka fita daban, kuma da gangan aka yi su haka don a gane su ko daga baya, ko sun yi ƙura: mai kusurwa takwas ta tsayawa cak, da mai kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa, ta ba da hanya.

Sauran rikicin na masu kama da juna ne. Idan ka yi makarantar allo ka san inda mai tilawa yake tuntuɓe. Ba a aya mai wuya ba, a ayoyin da suka yi kama ne, sai ya fara wata sura ya tsinci kansa a wata. Mahaddata ba sa magance wannan da maimaita izu gaba ɗaya, jero ayoyin suke yi gefe da gefe har su kama harafin da ya raba su. Kai ma ka ware shafi, ka zana tagwayen da hannunka. Shuɗiyar da'ira mai jan baki da layi ɗaya a karkace, ba a fakin. Irinta mai layi biyu a gicciye, ko tsayawa ba a yi. Kibiya a cikin shuɗiyar da'ira, dole ka bi nan. Kibiya a cikin kusurwa uku, kwana ce ke gaba. Lamba cikin jan da'ira, iyakar gudu ke nan, ba shawara ba ce. Zanenka ba sai ya yi kyau ba. Hannun da ya zana abu yana daɗewa bai manta shi ba.

Lambobi ba su da yawa, kada su ba ka tsoro. Ga ƙaramar mota, kilomita 30 a awa kusa da makaranta, asibiti, kasuwa da wurin ibada, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a babban titin da ya haɗa Accra da Tema. Idan ka san dalilinsu za su fi zama. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 90 tana cin mita 25. Wato kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki, ka riga ka wuce tsawon tirotiro biyu ko fiye. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Daga nan aka samo ƙa'idar barin tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, a ninka ta idan ana ruwa. Ka tuna yadda yara ke ɓullowa daga tsakanin tebura a Asawase, za ka ga 30 ɗin ma ba kaɗan ba ce.

Wasu kurakuran kuma na karatu ne kawai. Ka san amsa, amma tambayar cewa ta yi wanne ne ba daidai ba, idonka ya tsallake ƙaramar kalmar da ta juya ta, ka danna abu na farko da ka ga gaskiya ne. Maganinsa ka karanta tambaya sau biyu, ka karanta duk amsoshin har ta ƙarshe kafin ka taɓa komai. Kalmomin Turancin da ke yi maka shinge ba za su wuce 'yan kaɗan ba, kuma su ne ke ta dawowa. Ka ba su shafin ƙarshe na littafin, ka kai wa malamin makarantar tuƙinku ya warware maka su a zama ɗaya. Kuɗinsa yayanka ya riga ya biya.

Wani abu da nake so ka duba yau ɗin nan: manhajar da ke wayarka ta wace ƙasa ce? Da yawa daga tambayoyin da ke yawo a intanet na Ingila ne, ko Indiya, ko Afirka ta Kudu, ko Kenya, kuma duk waɗannan ta hagu suke tuƙi. Mu ma da haka muke, sai ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma dama, shekara biyu bayan Najeriya. A wurinsu shataletale ta dama ake ba da hanya, wuce mota ma ta dama. Ingila kuma da mil take auna gudu. Idan ka ga tambaya tana maganar mil, ko hoton ya nuna mota a hannun hagu, goge manhajar, don tana iya ce maka ka faɗi a inda kake daidai. Littafin da makarantarku ta ba ka shi ne alƙali. Duk inda ya saɓa da waya, bi littafi.

Batun bita. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta, a farko-farkon nan yake zubewa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a dunƙule. Don haka abin da ka rubuta yau da dare, ka dube shi gobe bayan sallar asuba, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako. Ka rufe amsar da tafin hannu, ka faɗe ta da bakinka tare da dalilinta, sannan ka buɗe. Karantawa kawai kana gyaɗa kai yaudara ce, komai zai yi maka kama da ka sani. Wadda ka ci sau uku a ranaku daban-daban, ja mata layi. Lokacin da kuke jiran layi ya zo kanku a tasha ya isa wannan aikin, littafin ya shiga aljihun baya. Kuma ka daina karatun ƙarfe sha ɗaya na dare bayan ka wuni kana kiran fasinja, a lokacin ba abin da ke shiga.

Shawarar abokinka ta hadda ba za ta kai ka ba. Ba ka da tabbacin tambaya za ta zo da lafazin da ka saba, ko amsoshin za su zo a jere yadda ka haddace. Ko ka tsallake kwamfuta da hadda, akwai gwajin hanya a gaba, mai jarrabawa yana zaune a gefenka yana kallon ko ka duba madubi kafin ka tashi, ko ka tsaya wa mai tsallakawa. A can, sabonka na tasha zai fi yi maka barazana fiye da a gaban kwamfuta.

Shi kuwa mutumin bakin ofis, rabu da shi. Irinsu ne ake kira goro boys, hukumar da kanta ta sha gargaɗin jama'a a kansu. Ko dai ya ci kuɗinka ya kashe waya, ko ya miƙo maka katin da ba ya cikin rajista, ka yi ta yawo da shi sai ranar da jami'in MTTD, 'yan sandan kula da zirga-zirga, ya duba, ko ranar da aka yi haɗari kamfanin inshora ya ce bai san zancen ba. Kai da kake da burin ɗaukar rayukan mutane a bayanka, maki uku ko huɗu ne tsakaninka da abin hannunka na halal. Ba su kai a sayar da mutunci a kansu ba.

Yayanka kuma ka gaya masa a makon nan. Wanda yake zaune a Turai ya san yadda jarrabawar tuƙi take kayar da mutane, faɗuwa ɗaya ba za ta ba shi mamaki ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin wani. Ka kira shi, ka ce yaya na faɗi, ga abin da nake yi a kai, ka ɗauki hoton shafi biyu na littafin ka tura masa.

Kada ka yi gaggawar yankar rana. Ka bari sai ka yi mako biyu kana samun 25 zuwa sama a tambayoyin da ba ka taɓa gani ba, domin fargabar ɗakin jarrabawa tana cinye maki biyu ko uku. Kafin ranar, ka roƙi makarantarku ta zaunar da kai gaban kwamfuta ko da sau biyu, ko ka shiga shagon intanet, hannunka ya saba da linzamin kwamfuta, tunda danna waya da yatsa daban ne. Ka kuma sani lasin farko na ajin B ne, na ƙananan motoci, daga baya ake hawa ajin da ke jan bas, kuma motar haya sai mai shekara 25 zuwa sama. Saboda haka ko gobe ka ci, ba jibi za a damƙa maka makullin tirotiro ba. Kana da lokaci, ka yi abin a tsanake. Idan littafin ya kai mako biyu, ka rubuto min dalilan da suka fi yawa a ciki, mu ga wanne ya rage. Allah Ya ba da sa'a.